Sunan Baba Ilu da Turanci

Samarin da ke zama a bakin shagon cajin waya na garinmu sukan ce haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai. A ba ka diga, ka yi ta sara, ruwa ya fito. Wani a cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba Sabo, ai ko gafiya tana haƙa rami, kuma ba wanda ya koya mata." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Ban iya gardamar majalisa ba, maganata ba ta da sauri. Amma tunda Allah ya sa na koyi rubutun boko da girmana, bari in zauna in faɗa muku yadda aikin yake, da abin da ya sami mutumin da ya koya mini shi.

Rijiyar farko da na yi aiki a kanta tana wani ƙauye gabas da Ɗambatta, a gidan wani ɗan kasuwar hatsi wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Ban shiga cikinta ba. Babu mai shiga rijiyarsa ta farko. Ƙasa na yi ta kwashewa daga baki ina kaiwa bayan danga, har tafin hannuna ya yi kanta. Maigidan aikin shi ne Baba Ilu, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya ɗaga murya. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa ya ce, "Ga shi nan, ba ya son gona." Baba Ilu ya dubi hannuwana ya ce, "To, nan gaba zai so ta."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai diga mai gajeriyar ƙota, don a cikin rami babu wurin ɗaga doguwa. Akwai dagi na fasa marmara, da ƙaramin shebur, da guga na tsohuwar taya, da igiya. Kowace safiya Baba Ilu yakan bi igiyar nan da yatsa daga farko har ƙarshe, in ya ji wuri ya fara laushi sai ya yanke, ko da sabuwa ce. Sai 'yar fitila da ake zurawa kafin mutum ya sauka. In ta mutu a ƙasa, babu iska ke nan, sai a ɗaura ganyen darbejiya a igiya a yi ta ja ana saki har iskar ramin ta sauya. Mai riƙe da igiya kuwa ba ya amsa sallama. Ko dagaci ne ya zo sai dai ya yi haƙuri, domin kunnen mai igiya na wanda ke ƙasa ne.

A wata rijiya da muka haƙa wajen Zakirai na ga abin da ake nufi da maigida. Abokin aikina Mamman Dogo ne a ƙasa, mutum mai baki wanda ko a cikin rami ba ya daina tsokana. Ran nan sai muka ji ya yi shiru. Can ya kira, "Baba, ƙasa ta sauya." Ya aiko da dunƙule a guga. Baba Ilu ya murza a tafinsa, ta zube kamar gari. Farin rairayi ne, irin wanda yake cin bango ta ƙasa ya bar sama a rataye. Ya ce, "Fito." Mamman ya hawo, Baba Ilu ya tuɓe riga ya sauka da kansa. Shi ya yini a can yana tokare bango da itace, muna zura masa ɗaya bayan ɗaya, har muka wuce wurin. Haka dokar take a wurinmu. Abu biyu na maigida ne, ba mai taɓa masa: saran farko, da muguwar ƙasa. Shi zai kafa turke ya zana da'ira da igiya, ya yi bismilla ya kai sara. Shi kuma zai shiga inda ake tsoro.

Masu rijiya su ma sai da haƙuri. Wani zai nuna maka wuri dab da masai ya ce nan yake so, don nan ne kusa da ɗakin girki. Wani in ruwa ya fito da ɗan kanwa-kanwa ya ce ku kuka zuba. Baba Ilu ne yake zama da su a tabarma. Bai taɓa faɗa da kowa ba, amma in wuri bai yi ba sai ya naɗe igiyarsa ya ce, "Alhaji, nemi wani." Mutane suna kiransa Sarkin Rijiya duk da ba wanda ya naɗa masa rawani. Mu kuwa Baba muke cewa. A zaurensa muke ajiye kayan aiki, a zaurensa ake samunmu.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurinmu ita ce wadda motocin burtsatse suka cika ƙasar nan. Duk mai ɗan hali sai ya kira inji, kafin a ankara an kafa masa fanfo. Ruwa kuma ya yi nisa, rijiyoyin da muka haƙa da kanmu suka fara ƙafewa tun kafin bazara. Rani guda muka yi babu sabon aiki, sai yasar tsofaffin rijiyoyi, a ciro taɓo da matattun guguna, a sallame mu da kwanon gero. Mamman ya tafi unguwar Bacirawa a Kano ɗaukar bulo, ya dawo da ciwon baya. Zaman banza ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da ake yi a firamaren garinmu bayan la'asar. Na ce ko ba komai in iya karanta sunan da ke fitowa a waya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani kamfani ya samu kwangilar rijiyoyin kwalbati, wato masu zoben siminti a bango, a ƙauyukan da motar inji ba ta iya shiga. Suna neman mahaƙa rukuni-rukuni. Amma injiniyansu mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, kuma an ce kowane rukuni sai ya zo da shugabansa, a gabatar da shi.

Baba Ilu ya same ni a ƙofar gida ina gyaran ƙotar diga. Bai saba zuwa gidana ba, ni nake zuwa nasa. Ya ce, "Sabo, an ce kana zuwa makarantar manya."

Na ce, "Ina ɗan taɓawa, Baba."

"To, ka tambayo mini malaminku, mutum irina me ake ce masa da Turanci. In mun je, kai ne baki. Ka faɗa musu ko ni wane ne, kada su ɗauka tsoho ne ya biyo ku."

Malaminmu sunansa Malam Bukar, saurayi ne mai haƙuri, yana koyar da yara da safe, mu da yamma. A bencin yaran muke zama, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Da na yi masa tambayar sai ya ji daɗi, ya goge allo gaba ɗaya. Ya ce Turawa suna da sunaye da yawa na mai shugabantar aiki, sai an san irin aikin mutum kafin a zaɓa masa.

"Yana da ofis?"

Na ce, "Yana da zaure."

"To ba manaja ba ne. Kamfanin nasa ne, da takarda?"

"Igiyar dai tasa ce."

"Ba darakta ba ne ke nan. Yawo yake yi yana duba aikin wasu, ya rubuta rahoto?"

"Ba ya rubutu, Malam. In wuri ya yi muni shi yake shiga."

Wani mahauci da muke aji ɗaya ya ce, "Malam, rubuta masa oga kawai mu wuce, magariba ta kusa." Malam Bukar ya ce oga sunan titi ne, ba a sa shi a takardar kamfani. Ya bi da ni ta kan sufabaiza, da kodineta, da incaj irin na asibiti, da heluma wanda ya ce tsofaffi suka ara tun zamanin aikin titin jirgi. Kowanne ya faɗa mini wa ke samansa, wa ke ƙasansa. A ƙarshe ya tsaya yana juya alli a hannu ya ce, "Gaskiya babu wanda ya yi daidai da shi. Amma mafi kusa shi ne foman, wato babban ma'aikata da ke tare da su a wurin aiki." Ya koya mini yadda zan gaida injiniya, in faɗi sunana, in nuna Baba Ilu in ce wannan shi ne foman ɗinmu.

Na ɗauki abin da gaske, don na ga yadda tsohon ya taka ya zo. Ban tsaya a kan sunan nasa kaɗai ba, na haddace sauran duka, da wanda yake bin wane. A wata yasa da muka samu a lokacin, ina cikin rami ina cika guga ina maimaitawa, manaja, sufabaiza, foman. Rijiya kuwa tana ƙara wa murya ƙarfi. Mamman ya leƙo ya ce, "Jama'a ku kawo ɗauki, Bature ya faɗa rijiya!" Baba Ilu ne ke riƙe da igiya, da na fito ya sa na faɗa masa sunan nasa. Ya gwada a bakinsa ya ce, "Foman. To, ba laifi."

Ranar ganawa muka shiga motar Ɗambatta da sassafe. Baba Ilu ya sa rigarsa ta Juma'a da hula sabuwa. A wani fili da aka jibge buhunan siminti aka tara mu, rukuni bayan rukuni. Injiniyan mutum ne mai fara'a, da alamar gajiya a fuskarsa, ga wani akawu Bahaushe a gefensa. Da layi ya zo kanmu na gaishe shi yadda aka koya mini, na faɗi sunana, na nuna Baba Ilu na ce shi ne foman ɗinmu. Maganar ta fita daidai, ban yi tuntuɓe ba.

Injiniya ya miƙa wa Baba Ilu hannu da girmamawa, ya yi masa wata tambaya. Baba Ilu ya juyo ya dube ni. Injiniyan ma sai ya juyo gare ni. Ya maimaita a hankali, yana nuna buhun siminti da waya. Na tsinci abin da yake nufi: in siminti ya ƙare, wa za a kira? Na ce sufabaiza. In sufabaiza ba ya nan fa? Na ce manaja. Ya yi murmushi, ya ce wa akawu wani abu.

Akawu ya ce, "Malam Sabo, oga ya ce kai ne foman."

Na ce, "A'a, ba ku gane ba. Ni baki ne kawai. Ga maigidan aiki nan."

"Mun gane sarai. Amma a wurinmu foman shi ne mai riƙe waya, wanda in injiniya ya kira zai amsa. Mutum ɗaya ne a kowane rukuni."

"To a rubuta shi, ni in riƙe masa wayar."

"Wanda ke riƙe da waya shi ake rubutawa." Ya dubi Baba Ilu, ya sassauta murya. "Baba, ka yi haƙuri, akwai kuma dokar shekaru. Mai shekarunka ba a bari ya shiga rami, ba a bari ya riƙe igiya. Ba mu muka kafa ba, daga sama take. Gurbin da ya rage na mai gadin kaya ne."

Na ce to mun fasa, na juya. Baba Ilu ya riƙo hannun rigata ya ja ni gindin wata bishiya. Mamman da sauran suna tsaye nesa kaɗan suna kallonmu. Kowannensu na san abin da ke cikin rumbunsa.

Baba Ilu ya ce, "Koma ka karɓa."

"Baba, ba abin da ka aike ni ke nan ba."

"Na aike ka ka koyo, ka koyo. Dube su can. In ka fasa, kai za ka ciyar da su ko ni?" Ya gyara hularsa. "Ka ce masa a rubuta ni a gadin. Gara ina kusa."

Rijiyar farko ta kamfani a wata fadama ce ta masu noman albasa. Aka kewaye wurin da jan ƙyalle, aka raba mana hulunan kwano, tawa fara, ta sauran rawaya. Baba Ilu ba shi da hula, nasa wurin yana can bakin rumfar siminti. Da lokacin fara aiki ya yi, na ɗauki diga na fita daga kewayen na kai masa. Sufabaiza, wani yaro mai ladabi ɗan Kano, ya biyo ni ya ce, "Foman, don Allah, wanda ba shi da hula ba ya shiga. In injiniya ya ji, ni za a kora." Na cire tawa zan ba Baba Ilu. Bai karɓa ba. Ya mayar mini da digar, ƙota ta wajena, ya ce, "Rana tana yi. Je ka sara." Na koma na kafa turke na zana da'ira. Mamman, wanda ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, ya sunkuyar da kai yana gyaran gugan da ba abin da ya same shi. Na yi bismilla na kai sara.

Ba zan yi wa aikin kamfani ƙarya ba. Sun kawo ƙarfe mai ƙafa uku da ake rataya igiya a kai, ja ya yi sauƙi. Sun koya mana zuba kwalbati a wurin, ana sauke shi yana bin mai haƙa, bango ba ya samun damar zubowa. Akwai injin zuƙe ruwa. Ba wanda ya ji ciwo a hannuna har aka gama. Amma foman ba ya sauka. Ranar da muka tarar da rairayi a wata rijiya na fara cire riga, sufabaiza ya ce in na shiga wa zai amsa waya. Mamman ne ya zauna a ƙasa, ni ina tsaye a sama da farar hula ina leƙe. Na aika wa Baba Ilu da dunƙulen ƙasar a rumfarsa. Ya murza, ya aiko cewa a riƙa sauke kwalbati kafin a ci gaba, kada a yi gaggawa. Abin da na riga na sa a yi ke nan, shi ma ya sani.

Kowace safiya in na iso, sai ya tashi daga kan buhun da yake zaune ya ce, "Foman, an tashi lafiya?" Na roƙe shi ya daina. Ya ce, "Kowa haka yake ce maka. In na ce Sabo, yaran nan za su raina ka, aiki ya lalace." Daga wannan fadama muka koma wata, daga wannan ƙauye zuwa wancan, duk inda muka sauka mutanen gari suna ganin mai farar hula yana ba da umarni, da wani tsoho a bakin rumfa yana korar awaki daga siminti. Ƙauyukan nan kuwa da yawansu akwai rijiyar da ya haƙa tun kafin a haifi masu kallon.

Da kwangila ta ƙare kamfani ya kwashe ƙarafunansa ya tafi. Na tara mutanenmu muka mayar da digogi da igiya zauren Baba Ilu, na ce masa, "Baba, mun dawo." Ya ce madalla, ya sa aka kawo mana fura. Na ɗauka shi ke nan, komai zai koma yadda yake. Sunayen da na haddace ma na daina faɗinsu, don babu sauran mai tambaya.

Sai dai masu neman rijiya sun daina zuwa zauren. Aikin kwalbati ya sa wasu sun sake sha'awar rijiyar hannu, musamman masu lambu, amma in sun shigo gari tambayarsu ɗaya ce, ina gidan Foman. Nakan ce musu su je wurin Baba Ilu, shi ne mai yin magana. Wasu su je, ya turo su wurina. Wasu su ce su dai wanda ya yi wa kamfani aiki suke so, su hau babur su tafi neman wani. Aiki ya riƙa wucewa ta tsakaninmu, ni ban karɓa ba, shi bai karɓa ba. Mamman ya same ni ya ce, "Kai da Baba kuna ta kunyar juna, mu kuma tukunyarmu tana ta hutawa. Sai yaushe?"

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai ga Baba Ilu tafe a ƙasa, wani mutum yana biye da shi yana tura babur. Ashe mutumin a ƙofar zauren Baba Ilu ya tsaya ya yi tambayar gidan Foman, shi kuma ya taso ya rako shi da kansa. A kafaɗarsa akwai igiyar aiki a naɗe. Na miƙe na shimfiɗa tabarma. Bai zauna ba. Ya sauke igiyar a kan dakalina ya ce wa baƙon, "Ga shi nan. Ba ya ha'inci, kuma ya san ƙasa. Ku daidaita." Ya ce mini ya bar awaki a sake, ya juya.

Baƙon ya zauna ya fara bayanin lambunsa, inda yake so a haƙa, da irin kwalbatin da ya gani a fadama. Na katse shi na ce, "Alhaji, mutumin da ya rako ka ɗin nan, shi ya koya mini aikin nan. Duk abin da na sani a wurinsa na samu."

Ya waiwaya ya dubi Baba Ilu da ya kusa shan kwana. Ya ce, "Wa? Tsohon mai gadin nan?"

Mun haƙa masa rijiyar, ruwanta ya yi daɗi. Baba Ilu bai zo ya gani ba.